Tambaya ta Ashirin da Ɗaya

Assalamu alaikum masu bina a wannan shafi. Na karanta saƙonninku kaf, har da na baiwar Allah nan da ta rubuto min cewa, "Ke dai ruwan ido ne ya yi miki yawa, shekara ashirin da tara kina jiran wa?" Na gode 'yar uwa. Gwaggona ta riga ki faɗa, ita kuma a gaban baƙi take faɗa. Yau raina ba daɗi, don haka ba zan tsaya yi wa magana ado ba. Abin da ya faru cikin kwana goman nan zan zayyana muku, har da nawa laifin, don ina da shi.

Sababbin zuwa suna ta tambaya wai wane irin aiki nake yi da har ya shiga tsakanina da aure. Bari in warware muku. Kun san na'urorin nan na ƙirƙirarriyar basira da mutum zai yi wa magana a waya su je su yi masa aiki. Mu a ofis ɗan aike muke kiran irinsu. Shi ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. An jera masa su ne kamar kwalaben magani a kanta, kowace da 'yar takarda a manne: wannan na tura saƙo, wannan na duba rana, wannan na soke abu. Takardar kawai yake karantawa, ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, ya ɗauka ya yi aiki. In takardar ta ɓoye wani abu, da zuciya ɗaya zai tafka ɓarna, har ya yi maka godiya a ƙarshe. Ni aikina in karanta waɗannan bayanan kafin a sake su ga jama'a, in gwada su, in ce wannan ya wuce, wannan a koma a sake. Abokan aikina Jan Biro suke kirana, kuma ba don ƙauna ba ne.

Ba wani abu mai wuya nake nema a bayani ba. Ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, ya faɗi lokacin da za a ɗauke shi da lokacin da ba za a taɓa shi ba. Sai babbar tambayata, wadda masu rubutu suka tsana: in an yi, ana iya komawa baya, ko shi kenan an yi?

Kuma ina da wata hanya tawa ni kaɗai. Masu rubuta bayani da maganar ofis suke gwada kayansu: "Ina so in canza ranar ganin likita zuwa Talata." Don Allah wa yake magana haka? Mamana shekararta sittin da biyu, ban taɓa jin ta jera magana a miƙe irin wannan ba. Sai na sayi wani ɗan littafi mai ruwan ƙasan bango, duk lokacin da Mama ta yi wata magana da ta yi kama da ta mutanen gaske, in rubuta. Kowane aiki aka ba ni, tambaya ashirin nake fitarwa daga bakinta in jefa wa ɗan aike. A jakata littafin yake kwana, in ba zan fita aiki ba kuma yana cikin durowar gefen gadona.

To shi kuma Injiniya, Gwaggo ce ta kawo shi wata huɗu da suka wuce. Ɗan aminiyarta ne. Ranar da ta zo tallarsa ta zauna a kujerar da ke kusa da fanka, ta sauke mayafi a kafaɗa, ta fara lissafi da yatsu.

"Ga mota, ga gida an kusa gamawa, ga kamfaninsa shi da abokansa biyu. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Ga ladabi kamar a yanka shi."

Na ce, "Gwaggo, to aibinsa fa? Me ba ya iyawa?"

"Ji min yarinya. Miji za ki aura ko firiji za ki saya?"

Mama ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Ni ma na yi. Kuma kada in cuce shi, da ya zo na ga abin so. Dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da wani irin sauraro da zai sa ki ji kamar duk duniya ke kaɗai ke magana. In ya shigo falonmu da kaftaninsa ruwan toka, ƙamshin turarensa sai ya kai washegari a jikin labule. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, ni ce babba, ni ce kuma na rage. Tun rasuwar Baba ban ga Mama tana walwala irin ta watannin nan ba. An tsayar da cewa ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo a yi maganar aure.

Ranar Litinin ta makon jiya aka turo min aiki mai lamba arba'in da bakwai. Da lamba ayyuka ke zuwa mana, ba suna, su ma masu rubutu ba sa sanin wanda ya duba su. Na wani asibiti ne, kuma da na duba takardun sai na ga ashe asibitin da Mama ke ganin likitan gwiwa ne, inda sai da ta yi wata huɗu a layi kafin a ba ta rana. Suna son ɗan aike da zai riƙa amsa wa majinyata a waya. Bayanin kayan aikin layi biyu ne kacal:

"Mai daidaita rana. Yana daidaita ranar ganin likita cikin sauƙi da sauri, domin jin daɗin majinyaci."

Daga ganin "jin daɗin majinyaci" na gyara zama. Ruwa ba ya tsami banza, duk bayanin da ya fara yabon kansa akwai abin da yake rufewa. Na buɗe littafina, na rubuta wa ɗan aike tambaya ta farko, maganar Mama ce sak:

"Ɗan matsa min ranar nan gaba, ƙafar nan yau ta ƙi ni."

Nan take ya amsa, "An daidaita, Allah ya ƙara sauƙi."

Na leƙa bayan fage, inda jerin sunayen gwaji yake. Sunan tsohuwar da na ƙirƙira don gwaji ya ɓace daga layi. Ba matsa ta aka yi ba, share ta aka yi gaba ɗaya, aka sake rubuta ta a can wutsiya kamar yau ta fara zuwa. Sabuwar ranarta wata biyar nan gaba, kuma babu maɓallin dawowa. Cikin tambayoyi ashirin, sau goma sha huɗu ya yi haka. Na ɗauki jan birona na rubuta rahoto mai zafi, na ce wannan bayani talla ne, bai faɗi cewa kayan aikin sharewa yake yi ba, bai faɗi cewa ba a komawa ba. Ƙa'ida ta ce a kawo misali ɗaya, sai na kwafe tambayar farko yadda take na saka. Na tura, na tashi na haɗa shayina hankali kwance.

Ranar Laraba bayan la'asar Injiniya ya zo. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da ɗan siririn mayafi, na shafa kwalli, har da 'yan kunnen da ya taɓa yabawa. Tun daga sallamarsa na san da magana. Ya ajiye mukullin mota a tebur da ƙarfi, ya ciro waya.

"A wajenku ne ma aka yi min wannan wulaƙancin. Ku nawa ne masu dubawa?"

"Mun kai talatin. Lafiya?"

"Wani tsoho mai baƙin ciki ne ya samu aikina. Saurara ki ji."

Ya fara karantowa yana kwaikwayon muryar tsofaffi. Jama'a, tun layin farko na gane. Rahotona ne. Ban taɓa sanin kamfaninsu na neman aikin asibiti ba, shi ba ya zancen aiki, ni ma an hana mu. Ya kai kan misalin, ya ja shi da izgili: "Ɗan matsa min ranar nan gaba, ƙafar nan yau ta ƙi ni. Fisabilillahi wa yake magana haka?"

Bai rufe baki ba Mama ta ɗaga labule da tire a hannu, tana ɗingishi. Lemo ne da biskit, da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a fito da su sai don shi.

"Sannu da zuwa ɗana. Ke, ɗan matsa min teburin nan gaba, ƙafar nan yau ta ƙi ni."

Ya dubi Mama, ya dubi wayarsa, sannan ya ɗago ya dube ni a hankali. Ni kuwa na ƙura wa biskit ido kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Mama ta fita tana sa masa albarka, ba ta san ta tona ni ba.

"Ashe ke ce tsohon," ya ce. Murmushi yake yi.

"Ban san naka ba ne."

"Yanzu kin sani."

Na ce masa gyaran ba wuya, layi biyu ne. Ya rubuta gaskiya: wannan kayan aiki yana share mutum daga layi, ba a dawowa, kada a taɓa shi in matsa rana ake so. Sannan ya ba ɗan aike ɗaya kayan aikin, na matsa rana, da nasa bayanin. Sai ya shafa gemu ya rage murya.

"Babu ɗayan."

"Kamar yaya babu?"

"Ba mu gama gina shi ba. Yana buƙatar wata uku, asibiti kuma ƙarshen watan nan suke so. In na rubuta abin da kike faɗa, duk wanda ya karanta zai gane ba mu da abin da muka yi alkawari. Ki bari in shiga tukuna. In na shiga zan gyara, wallahi."

"Cikin wata ukun nan mutum nawa za a share?"

"Haba ranki ya daɗe. Gidan da nake ƙarasawa fa ke za ki zauna a ciki."

Ga laifina, kuma ba zan ɓoye muku ba. Washegari da safe ya kamata in shiga ofishin shugabarmu in ce, "Lamba arba'in da bakwai na san mai shi, a ba wani." Haka doka ta ce. Na je har bakin ƙofarta, na juyo. Na gaya wa kaina wai in na janye za a ba wa abokin aikina da muke kira Malam Ba Komai, wanda tun da nake bai taɓa kayar da aiki ba, tambaya uku yake yi da maganar ofis ya buga hatimi ya tafi cin abinci. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ina tsoron Asabar ɗin zuwan manyansa, ina kuma so Injiniya ya gyara da kansa, in gani da idona cewa mutumin da zan aura yana iya rubuta abin da ba ya masa daɗi.

Kwana huɗu yana turo min saƙonni masu zaƙi. "Kin ci abinci?" "Ina nan ina gyara, Malama Jan Biro." Har da hoton ɗakin girkin sabon gida an manna tayil fari da shuɗi. Ranar Asabar da ta wuce na tafi gidan ƙanwata da ta haihu, na wuni can ina wanke-wanke da goyo. Ashe ya zo gaida Mama ba na nan. Da na dawo na tarar da kwalin maganin shafawa na gwiwa a kan talabijin, Mama tana ta yabonsa.

Ranar Litinin ɗin nan aikin ya dawo teburina a karo na biyu. Ban ko karanta ba, don zumuɗi na fara da gwaji. Tambaya ta farko, ɗan aike ya ce, "Ki yi haƙuri, ki kira teburin karɓar baƙi su matsa miki." Bai share kowa ba. Ta biyu haka, ta uku haka. Ashirin cif ya haye. Na jingina da kujera ina hamdala, har ƙwalla ta zo min. Na ce ashe mutumin kirki ne, ashe ni ce mai mugun zato.

Sannan na buɗe bayanin.

Layi biyun nan na farko suna nan yadda suke, da sauƙinsu da saurinsu da jin daɗin majinyaci. Ba kalmar sharewa, ba maganar cewa ba a komawa. A ƙasa aka ƙara: "Idan majinyaci ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan maganganu, kada ka yi amfani da wannan kayan aiki, ka tura shi teburin karɓar baƙi." Sai jeri. Tambayoyina ne, ɗaya bayan ɗaya, yadda na jera su a littafi. Guda ɗaya tak na sa a rahoto. Sauran goma sha taran ba inda suke a duniya sai cikin littafina. Har da wata da na rubuta a gefen shafi na soke ta da biro, ban taɓa gwada ta ba, ita ma ya kwafe.

Bai gyara ramin ba. Ya dai san inda zan taka, ya shimfiɗa tabarma a daidai wurin.

Na kasa ko shan ruwa. Na dawo gida kafin magariba na tarar an fitar da kujeru tsakar gida ana kakkaɓewa, Gwaggo na tsaye a kan kujera 'yar tsugunne tana rataya sababbin labule masu ruwan madara, Mama na zaune tana miƙa mata ƙugiyoyi. Na ajiye jaka, na ciro littafin na ɗora a cinyar Mama.

"Mama, wa ya taɓa min wannan ranar Asabar?"

Ba ta ko yi kamar ba ta gane ba.

"Ni ce. Na buɗe masa ya ɗauki hoto."

"A ɗakina?"

"A gidana."

"Mama, kin san abin da kika yi kuwa? Sirrin aiki ne. Za a iya korata."

"Wane sirri? Ya karanta min, maganata ce a ciki daga farko har ƙarshe. Ke da kika kwashe ta kika kai ofis, kin tambaye ni? Maganata ce, na ba wanda na ga dama."

Gwaggo ta sauko tana karkaɗe hannu. "Mace ta taimaki mijinta shi ne abin tashin hankali? Wasu har gona suke sayarwa."

"Bai zama mijina ba, Gwaggo."

"Da wannan bakin naki ba zai zama ba kuwa."

Na buɗe kwamfutata a kan hannun kujera, na shiga wurin gwaji, na sa suna na ƙarya a layi, na ba shi ranar Alhamis. Na kunna wurin magana na matsa wa Mama kusa da baki.

"Mama, ki ɗauka ranarki ce ta likitan gwiwa. Ba za ki samu zuwa ba. Ki gaya masa yadda kika ga dama, kada dai ki maimaita na littafi."

Ta harare ni, amma ta gyara ɗankwali kamar mai shirin gaida baƙo.

"Bawan Allah, 'yata ce ta haihu, Alhamis ɗin nan ba za ta yiwu ba. A duba min wata kusa."

"An daidaita, Hajiya. Allah ya raya."

"Kin ji ko," in ji Gwaggo. "Har da addu'a."

Na juya musu fuskar kwamfutar. Na nuna wa Mama inda sunan yake ɗazu, na nuna mata inda ya koma, can ƙasa, na karanta mata sabuwar ranar. Wata biyar da kwana shida. Ita da ta yi wata huɗu tana kwana da ƙafa a kan matashi tana ƙirga kwanaki, ba sai an yi mata fassara ba. Na ga hannunta ya tafi kan gwiwarta ya tsaya.

"A mayar da shi mana," ta ce.

"Ba a mayarwa. Abin da ya ƙi rubutawa kenan."

Gwaggo ta ce ai na wasa ne, ba mutumin gaske ba. Mama tana shafa gwiwarta aka fara kiran sallah a masallacin bayan layinmu. Na ɗauka ta gane, na fara jin sanyi a raina. Sai ta miƙo min littafin ba tare da ta dube ni ba.

"Ni da ƙafata zan riƙa zuwa asibitin, ba sai na yi magana da waya ba. Ki sa masa hannu."

"Sauran tsofaffin fa, Mama?"

"Sauran tsofaffin 'ya'yansu sun yi aure."

Na sha jin magana a rayuwata, daga dangi, daga maƙwabta, daga ku masu karatu. Ba wadda ta taɓa shiga min ƙashi kamar wannan. Na ɗauki kwamfutata na shige ɗaki, na ga zanin gadona mai ruwan malmo a shimfiɗe lafiya lau, na ji na tsane shi.

Talata na riƙe aikin ban taɓa ba. Saƙonninsa suna ta shigowa. Da safe: "Na ga an buɗe aikina. Ashirin bisa ashirin ko?" Da rana: "Na yi abin da kika ce, ya wuce gwajinki. Me kuma ya rage?" Na rubuta masa, "Gwajina ya wuce, ba gaskiya ba. Ka janye shi da kanka, ka nemi ƙarin wata uku. Zan tsaya maka a gida." Ya karanta, alamar ta nuna. Sai bayan awa biyu ya amso: "Ki yi tunanin Mama."

Yau Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya, na rubuta rahoto. Gajere ne. Na ce bayanin har yanzu bai faɗi abin da kayan aikin yake yi ba, an dai lissafa masa tambayoyin mai dubawa ne. Na kawo tambaya ta ashirin da ɗaya, ta bakin Mama, da abin da ya biyo baya. Na danna bai wuce ba. Na san daga dannawa sakamakon ya tafi wayarsa.

Da na tashi a lokacin na shiga wurin shugaba, da labarin ya bambanta. Amma sai na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na jira azahar na yi sallah, na zauna a kan darduma ina haɗa kalmomin da zan faɗa. Sai ƙarfe biyu saura na ƙwanƙwasa ƙofarta.

Shugabarmu mace ce mai fararen gilasai da ba ta ɗaga murya. Ita ta ɗauke ni aiki, ita ta taɓa ɗaga littafina a taro ta ce kowa ya yi koyi. Ban buɗe baki ba ta juyo min da fuskar kwamfutarta.

"Zauna. Wannan ya shigo ƙarfe goma sha biyu."

Takardar ƙorafi ce daga kamfaninsu, da sa hannunsa. Wai mai dubawa budurwarsa ce, ta san aikinsa ne tun farko ba ta janye ba. Wai ita da kanta ta ba shi tambayoyin gwaji, da suka samu saɓani a kan maganar aure kuma ta kayar da shi don huce haushi. Yana roƙon a soke sakamakon a ba wani mai adalci. A ƙasa hotuna shida. Littafina a buɗe, rubutun hannuna, a kan zanin gado mai ruwan malmo, ga ɗan madubina a gefe.

"Gadonki ne?"

"Nawa ne."

"Kin san aikinsa ne?"

"Tun ranar Laraba da ta wuce."

Ta cire gilashin ta murza idanu. "Mako guda. Ofishina taku goma ne daga teburinki."

Na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce ita a ranta ta yarda da ni, amma ranta ba hujja ba ne. Rabin takardarsa gaskiya ce, kuma ni na ba shi wannan rabin da shiruna. Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna. In akwai wanda ya ga yadda hotunan nan suka fita, in zo da shi, ko ya yi magana ta waya. In an tabbatar satar littafin aka yi, rahotona ya tsaya, aikinsa ya faɗi. In ba haka ba, za a goge sakamakon, a miƙa wa mai bi na a jerin aiki. Ban tambaye ta ko wane ne ba, jerin yana manne a bango, Malam Ba Komai ne. Ta karɓi katin shigata ta sa a durowa.

Na fito titi da rana tsaka, na tsaya a bakin shagon mai gyaran waya na kai minti goma ban san inda zan dosa ba. Ko saƙo ɗaya bai turo min ba. Mutumin da ke tambayata ko na ci abinci sau uku a rana.

Na iso gida da la'asar. Falo ya yi fes, labule sun hau, an shimfiɗa sabuwar darduma, kofunan zinariya an wanke an kife a tire. Gwaggo ta tafi. Mama na zaune ita kaɗai ta miƙe ƙafa a kan matashi, tana shafa maganin da ya kawo mata. Na cire takalmi, na durƙusa a gabanta kamar yadda nake yi ina ƙarama in na fasa wani abu. Na gaya mata abin da na danna, da abin da ya rubuta a kaina, kalma da kalma.

"Ya ce ke kika ba shi?"

"Haka ya rubuta, Mama. Ya sa hannu."

"Amma ai ni na buɗe masa durowar. Ba kya ma gidan."

"Shi ne nake so ki faɗa musu gobe. Ba sai kin taka ba, ta waya ma ya isa. Ke kaɗai kika gani."

Ta rufe kwalbar maganin a hankali, ta juya ta tana kallon rubutun jikinta, ita da ba ta karatun boko. Idonta ya cika. Ta dubi labulen, ta dubi kofunan, sannan ta dube ni.

"In na faɗa, Asabar ɗin ta tashi kenan?"

Wayarta da ke kan hannun kujera ta fara ruri, tana haske tana zagaya a kan yadin. Daga inda nake durƙushe ina ganin sunan da ta sa aka ajiye mata lambarsa da shi, Ɗana. Mama ta goge man hannunta a gefen zani, ta miƙa hannu ta ɗauki wayar, ta riƙe ta a tafinta tana kallona, wayar kuma ba ta daina ruri ba.